Sashe na Goma Sha Bakwai

Ranar da aka sanar da sunan daraktan sabuwar hukumar, Barista Muntari Sule yana cikin motarsa a cunkoson Na'ibawa, tirela a gabansa, 'yan adaidaita sahu sun matse shi dama da hagu, rediyo a kunne. Sai da mai karanta labarai ya faɗi sunan sau biyu kafin ya shiga kansa: Injiniya Mu'az Garba. Muntari ya kashe rediyon, ya sake kunnawa, wai ko za a gyara magana. Ina! Har an wuce labarin rabon taki. Na bayansa suka yi ta danna masa ham, wani ɗan adaidaita ya leƙo ya ce, "Alhaji, in barci za ka yi ai gida ake zuwa." Ko kallonsa bai yi ba.

Kada ka yi saurin cewa mutumin nan mai baƙin ciki ne tun asali. Yana da hujjarsa. Shekara huɗu cur ya yi yana rubuta dokar da ta kafa hukumar nan, domin shi ne lauyan da ma'aikatarsu ta ɗora wa aikin. Abin da dokar ta zo da shi ba mai wuyar ganewa ba ne. Duk babban aikin da gwamnati za ta yi da haɗin gwiwar 'yan kasuwa, irin wanda ɗan kasuwa zai gina, ya gudanar na wasu shekaru, sannan ya miƙa wa jiha, daga yanzu ba a ɗakin wani babba za a zaɓi wanda za a ba ba. Hukumar Haɗakar Ayyuka ce za ta yi shela, ta karɓi takardun masu nema a akwati mai makulli biyu, ta buɗe a gaban jama'a, ta tantance, ta ba wanda ya fi cancanta. Sashe arba'in da uku ne a dokar, kuma babu wanda Muntari ba zai karanto maka da ka ba, ko daga barci ka tashe shi.

Amma wanda ya fi ji da shi shi ne na goma sha bakwai. Sashen ya ce duk jami'in hukumar da ke da dangantaka da mai neman kwangila, ta jini ko ta aure, dole ya bayyana a rubuce, ya janye hannunsa. Haka yake a dokokin da aka duba aka kwaikwaya. Muntari ne ya ƙara da cewa: ko ta shayarwa. Masanin da aka ɗauko daga Abuja ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai nan ba kotun aure ba ce. Muntari ya ce masa, "Yallaɓai, nan Kano ce. Wanda kuka sha nono ɗaya da shi, in ya zo ƙofarka neman abu ba ka iya cewa a'a." Da aka kai zauren majalisa, wani dattijo ya miƙe ya ce wanda ya rubuta wannan layin ɗan halak ne, aka yi ta tafi. A ƙasan sashen kuma Muntari ya ɗaure shi tam. Kwangilar da aka bayar ba a bayyana irin wannan dangantaka ba ta rushe, ko jami'in ya sani ko bai sani ba. In ya sani ya ɓoye, ya bar kujerarsa. Kuma duk ma'aikacin gwamnatin da ya samu labari bai sanar da darakta cikin kwana bakwai ba, shi ma kora ce hukuncinsa.

To, wane ne Mu'az ɗin? Ɗan maƙwabta ne a ƙauyensu da ke bayan masana'antun Challawa. Uwarsa ta rasu yana da kwana arba'in a duniya. Inna Hansatu, mahaifiyar Muntari, tana goyon 'yarta Ladidi a lokacin, sai ta haɗa su biyu ta shayar. Muntari yana da shekara tara, shi ke saɓa shi a kafaɗa in Inna tana daka. Shi ya koya masa baƙaƙen boko a ƙasa da tsinke, shi ya cike masa takardar shiga jami'a, shi ya raka shi tasha ranar da zai tafi Legas aiki. Yau ga shi an ɗauko yaron nan an ɗora shi a kan dokar da Muntari ya rubuta, shi kuma an bar shi da tsohon teburinsa da fankar da ke ƙugi.

Da a ofis abin ya tsaya, da da sauƙi. A gida ma haka yake tun fil azal. Muntari ɗan fari ne, Inna Hansatu kuwa irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kama sunansa ba. "Yayan Ladidi" take cewa in ta kama dole, in kuwa da baƙo a wurin ko wannan ba ta faɗa, sai ta yi kamar ba ta san da zamansa ba. Ba ta yabonsa, ba ta tambayar me ya ci. Amma Mu'az? Wayyo! "Mu'azuna, zo nan, ka rame." Shi kuwa ya zube a tabarmarta ya ce, "Inna, ke ce kika ƙi yi mini dambu," yana "ke" yana "ki" abinsa, alhali Muntari mai furfura a gemu har yau "ku" yake ce mata, a durƙushe, daga nesa. Ya san al'ada ce, ya sani sarai. Sanin bai taɓa hana shi jin zafin ba.

Kwana uku da rantsar da shi, sai ga Mu'az a ofishin Muntari da dokar a hannu, duk ya ja mata layi da jan biro. Bai zauna ba sai da aka ce ya zauna.

"Yaya, wallahi ni kaina na yi mamaki. Na ɗauka kai za a ba."

"Allah ne mai bayarwa," in ji Muntari. "Allah ya taya ka riƙo."

"Amin, Yaya. Ni fa bututu da famfo na sani, ban san doka ba. Kwana goma sha huɗun nan da aka ba masu ƙorafi, daga ranar da aka buɗe akwati ake ƙirgawa ko daga ranar da aka sanar da wanda ya ci?"

Muntari ya yi masa bayani tiryan-tiryan, da murmushi, har da misali. Da Mu'az ya fita, ya tashi ya tura ƙofa, ya tsaya a taga yana kallon direba na buɗe wa Mu'az sabuwar mota mai lambar gwamnati. Daraktan hukuma guda, bai san daga inda ake ƙirga kwana sha huɗu ba! Kishi ya hana shi shan shayin da ya haɗa.

Wanda ya fi ƙona masa rai ma a wani ɗakin taro a Sharaɗa ya faru, ranar da aka tara masu masana'antu don a bayyana musu aikin farko. Mai gabatarwa ya kira Mu'az "uban wannan doka". Mu'az ya karɓi makirfo ya ce a'a, dokar tana da ubanta, ga shi can a layi na huɗu, yayansa Barista Muntari. Aka waiwaya, aka ɗan tafa, aka juyo. Da aka tashi, abin da Muntari ya riƙa ji a bakin ƙofa shi ne, "Kai, yaron nan akwai tawali'u! Ka ga yadda ya girmama yayansa?" Wato ko godiyar da aka yi masa, Mu'az ne ya kwashe ladanta.

Aikin farkon kuwa ba ƙarami ba ne: matatar da za ta tace ruwan da kamfanonin jima da rini ke saki kafin ya gangara kogin Challawa. Wanda ya tashi a ƙauyukan nan ba ya buƙatar bayani. Ruwan yana bi ta bayan gonaki, yau baƙi gobe ja, warinsa na riga shi isowa, lambun da ya taɓa kuwa sai dai haƙuri. Kamfani shida suka saka takardu. Aka buɗe akwati a gaban 'yan jarida, kwamiti ya zauna sati biyar yana tantancewa, Mu'az na shugabanta. Duk tsawon lokacin nan ya ɗauke ƙafa daga ko'ina, har gidan Inna, ya ce sai an rattaba hannu, don kada a ce an gan shi da wani. Ranar wata Alhamis aka sanar: kamfanin Alhaji Lawan na Sharaɗa ne na ɗaya, na Alhaji Kamilu na Bompai na biyu. Aka sa ranar rattaba hannu da zarar kwanakin ƙorafi sun cika.

Washegari Juma'a, Muntari ya sauko daga masallaci ya wuce ƙauye gaida Inna kamar yadda ya saba. Ya same ta a inuwar darbejiya a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, 'yar rediyonta a gefe. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gyaɗarta.

"Na ji a rediyo an ba Lawan aikin ruwa," ta ce. "Lawan ɗin Maryama ne, ta gidan mahauta, waɗanda suka tashi suka koma Sharaɗa?"

"Shi ne, Inna. Kun san shi ne?"

Ta yi 'yar dariya. "Na san shi? Yaron da ya sha nonona wata biyu? Uwarsa ce ta yi ciwon nono aka kawo mini shi, lokacin ina goyon..." Ta nuna Muntari da haɓa ba tare da ta ɗago ba. "Ka ga ikon Allah, ƙani ya ba yayansa aiki, ba su san juna ba. Ka gaya wa Mu'azu ya san ɗan'uwansa ne, su riƙa zumunci. Ni wayar nan ba na jin abin da yake faɗa a cikinta."

Muntari ya ji kamar an kwara masa ruwan randa a baya. Shi lauya ne, kuma ya yi karatun zaure daidai gwargwado: duk waɗanda mace ɗaya ta shayar 'yan'uwan juna ne, ko da shekara tara ce tsakaninsu. Lawan da Mu'az wa da ƙani ne. Ga shi Mu'az ya sa hannu a takardar cewa ba shi da dangantaka da kowa cikin masu nema, ya shugabanci kwamiti, ya ba yayansa kwangila, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abin yi a fili yake, kuma babu wanda ya fi Muntari saninsa. Kawai ya kira Mu'az yau, Mu'az ya rubuta cewa yanzu ya samu labari, ya janye, a naɗa wani ya sake duba takardun. Sati biyu ko uku an gama, 'yar kunya kaɗan, babu wanda zai rasa kujera. Ya fito da wayar a cikin mota, har ya nemo sunan. Sai ya tuna "uban wannan doka". Ya tuna jan biron nan. Ya ajiye wayar a kujerar gefe, ya ce bari dai ya isa gida tukuna.

Ya isa gida bai kira ba. Asabar ya ce ranar hutu ce. Litinin ya ce magana irin wannan ba ta waya ba ce, sai an haɗu. Ƙarya yake yi wa kansa, kuma ya sani. Gaskiyar magana ita ce kowace rana ta wuce wani daɗi ne ke tsirowa a ransa, irin wanda ba ya so ya tsaya ya duba. Karo na farko a rayuwarsa yana riƙe da abin da Mu'az ba shi da shi. Yakan zauna a ofis ya hango fuskar Mu'az ranar da abin zai fashe, sai ya yi istigfari, sai kuma ya sake hangowa.

Juma'a ta zagayo, kwana bakwai cif. Inna tana tankaɗe ta tambaye shi, "Ka gaya masa?"

"Na gaya masa, Inna."

"Me ya ce?"

"Ya yi murna. Ya ce in an gama hidima zai zo."

"Allah ya yi masa albarka," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta. Shi kuwa ɗan aiken ko sannu bai samu ba, kuma wallahi har wannan sai da ya ba shi haushi, duk da ya san ƙarya ya shirga.

Ranar Talata da hantsi ya tuƙa zuwa Bompai, ya ajiye motar nesa, bayan wasu tireloli da ke jiran lodi, ya ƙarasa siton Alhaji Kamilu da ƙafa. Alhaji Kamilu gajere ne mai saurin magana, yana tsaye a kan masu sauke bututai yana yi musu faɗa. Da ya hango shi ya ware hannu.

"Barista! Yau wace rana? Ko an tuna da mu 'yan na biyu?"

"Alhaji, ban zo nan ba, ba ka gan ni ba."

"Ban gan ka ba, wallahi, ko inuwarka."

Suka shiga ɗan ofishinsa. Muntari ya zayyana masa komai, da sashen da zai kafa hujja da shi, da inda lauyansa zai kai takarda. Alhaji Kamilu ya saurara har ya manta da wayarsa da ke ta ruri.

"To wa zai ba da shaida?" ya tambaya.

"Wadda ta shayar da su tana raye. Hansatu, a ƙauyen bayan Challawa."

Alhaji Kamilu ya cire hula ya sosa kai. "Barista, Hansatun nan ba mahaifiyarka ba ce?"

"Ka rubuta dai. Kuma kada a kai sai ranar ƙarshe, dab da tashi daga aiki."

"Zan kai, me zai hana, ni da kwangila nake nema." Ya mayar da hular, ya ƙare masa kallo sama da ƙasa. "Amma kai, Barista, Allah ya sa kada in taɓa ɓata maka."

Kada ka zaci Muntari ya manta da maganar kwana bakwai. Shi ya rubuta ta. Amma ya yi dabararsa. Mutum biyu ne kaɗai suka san Inna ta aike shi: shi da ita. Ita kuwa, matar da shekara hamsin da biyu ba ta taɓa ambatonsa a gaban baƙo ba, yau ce za ta buɗe baki a gaban kwamiti ta ce ɗanta na fari ta aika? Ina! Ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige. Za ta ce ta shayar, shi ke nan, a tashi. Mu'az zai ce bai sani ba, wasu su yarda wasu su ƙi, kwangila ta rushe a hannunsa, a daina kiransa uban komai. Iyakar abin da Muntari ke so ke nan.

Takarda ta shiga ranar Alhamis da yamma. Safiyar Juma'a an riga an kafa rumfuna a filin da za a gina matatar, an jera kujeru, mutanen ƙauyuka sun saka kayan Sallah, har makaɗa sun fara gwada ganguna, sai wani ya hau mumbari ya ce an ɗage. Aka dakatar da Mu'az, aka kafa kwamitin bincike, aka hana shi kusantar mai shaida har sai an ji daga bakinta. Da azahar Mu'az ya kira Muntari.

"Yaya, ka ji abin da ake faɗa? Wai Alhaji Lawan yayana ne. Inna ta taɓa gaya maka?"

"Yanzu nake ji," in ji Muntari. "Ka yi haƙuri, Allah zai fitar da kai."

Ya ajiye wayar. Ya so ya je ya ja wa Inna kunne kafin ranar, amma ta ina zai fara? Ya ce mata waccan maganar ƙarya ce? Bai je ba, har gaisuwar Juma'ar nan ya tsallake.

Ranar Litinin da safe kwamiti ya zo har gida, saboda tsufan Inna. Shugabar kwamitin tsohuwar alƙaliya ce mai suna Hajiya Badi'a, mace mai farin tabarau wadda ba ta ɗaga murya. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Mu'az ya zauna a gefe guda, ya rame da gaske wannan karon. Alhaji Lawan, ƙato da shi cikin babbar riga, ya durƙusa a gaban tsohuwar da bai taɓa sani ba. Muntari, a matsayinsa na babban ɗa, shi ya tarbi baƙi, sannan ya koma ya tsaya a bakin ƙofar zaure. Aka sa Inna ta yi alwala, aka rantsar da ita.

"Inna, kun shayar da wannan?" Hajiya Badi'a ta nuna Mu'az.

"Har yaye."

"Wannan fa?"

"Wata biyu. Kai Lawan, haka ka zama? Da ɗan tsiriri ne kai, kuka kamar mage."

Aka yi dariya, har magatakarda. Alhaji Lawan ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga.

"Saura tambaya ɗaya, Inna," in ji Hajiya Badi'a. "Shi Injiniya Mu'az, ya san da wannan magana kafin a kawo ƙorafi?"

"Ya sani mana."

Mu'az ya ɗago kai da sauri.

"Ku kuka gaya masa?"

"A'a, aike na yi."

"Wa kuka aika?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta kafa wa tabarma ido. Muntari a ransa yana cewa, yawwa, ga ta nan, kunya ta iso. Aka jima, har wata kaza ta ratsa ta tsakiyar taron. Sannan Inna ta nisa.

"Hajiya, abin da kunya," ta ce. "Amma na rantse da Allah yanzun nan." Ta ɗaga haɓa ta nuna ƙofar zaure, idonta a ƙasa. "Wancan na tsaye. Juma'ar satin da aka faɗa a rediyo na aike shi. Juma'ar da ta biyo ya ce ya isar, har ya ce Mu'azu ya yi murna."

Kowa ya waiwaya. Duk dabarar Muntari a kan kunya ya gina ta, bai taɓa sako rantsuwa a ciki ba, shi da ya rubuta da hannunsa cewa a rantsar da mai shaida.

Hajiya Badi'a ta cire tabarau. "Barista, kai ka rubuta dokar nan, ba sai na karanta maka ba. In ka isar da saƙon, Injiniya ya ɓoye, to ya bar kujerarsa. In ba ka isar ba, kwana bakwai sun daɗe da wucewa, kai ne za ka bar aiki. Ka isar?"

Sai yanzu Inna ta gane abin da bakinta ya yi. Ta saki mayafin, ta dubi wannan, ta dubi wancan, leɓenta na motsi. Shekara ashirin da shida Muntari yana aikin gwamnati ba a taɓa ba shi takardar gargaɗi ba. Ya dubi Mu'az, ya ga Mu'az yana kallonsa, irin kallon wanda ya gama haɗa magana a kansa, tun daga "yanzu nake ji" har zuwa yau.

"Ya isar, ranki ya daɗe."

Mu'az ne ya yi maganar, kansa a sunkuye.

"Ya gaya mini a kan lokaci. Ni ne na ga an kusa gamawa, na yi shiru."

Hajiya Badi'a ta daɗe tana kallonsa. "Injiniya, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na sani."

Ta juya ga Muntari. "Haka aka yi, Barista?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ta isa. Muntari ya ce, "Haka aka yi."

"A rubuta," in ji Hajiya Badi'a, ta mayar da tabarau.

Da baƙi suka watse, Inna ta ce, "Mu'azu, zo nan." Ya matsa ya durƙusa. Ta kama kansa da hannu biyu. "Tun kana ƙanƙani, in za ka yi ƙarya ƙasa kake kallo." Sai ta fashe da kuka, ta haɗa kansa da ƙirjinta, tana ta sa masa albarka. Ko sau ɗaya ba ta dubi ƙofar zaure ba.

Muntari ya jira Mu'az a waje. Da ya fito ya tare shi.

"Mu'az..."

"Yaya, kada ka ce komai. Ba don kai na yi ba. Ba zan zauna ina kallo a rubuta a takardar gwamnati cewa bakin Inna ne ya kori ɗanta na fari ba." Ya yi taku biyu, ya juyo. "Da ka ce mini kana son kujerar nan, wallahi da ban karɓa ba."

Ya tare adaidaita ya shiga, ya tafi.

Kwangila ta rushe. Aka ce za a sake shela daga farko, abin da zai ci aƙalla shekara guda, ruwan kuwa ya ci gaba da gangarawa ta bayan gonaki. Aka sallami Mu'az, jaridu suka yi kwana uku suna cin namansa. Ranar Laraba babban sakatare ya kira Muntari ya ce ya riƙe hukumar daga Litinin, Muntari ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Takardar farko da ya sa wa hannu a sabon ofis ita ce ta janye kansa daga aikin matatar, tunda Alhaji Lawan zai sake nema, kuma shi ma ɗan'uwansa ne. Ya zauna a kujerar ya laluba ransa ko zai sami daɗin da ya yi tsammani, bai samu ba. Kishin nan ne dai ya tarar, ya ma fi da girma, sai dai yanzu ba na kujera ba ne. Abin da Mu'az ya yi a tsakar gidan nan yake kishi, da hannayen Inna a kansa.

Sati uku bai taka ƙauyen ba. A Juma'a ta huɗu ya daure, direba ya kai shi har ƙofar gida. Ya shiga zaure, ya ga takalman Mu'az a bakin ƙofa, ya jiyo hirarsu daga tsakar gida, Inna tana dariya. Ya gyara murya, ya yi sallama da ƙarfi yadda ya saba.

Dariyar ta ɗauke.

"Wa alaikumus salam," in ji Inna. "Wa ake nema?"